Hannun Daman Bashir

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce in ba ta labarin Amurka, ina cikin bayarwa wata ta yi sallama a koma farko. Shekaranjiya Maman Walid ta tsare ni a bakin famfo har bokitina ya cika ya yi ta zuba. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta tambaya in tura mata.

Bikin Fa'iza ne ya kai ni, 'yar Kawu Sani ƙanin Innarmu, wanda ya daɗe a wani gari da ake kira Greensboro. Inna ce ya kamata ta je, ciwon ƙafa ya hana ta, Kawu ya ce to a turo Dije. Na bar ɗana Abba wajen kakarsa saboda makaranta, na tafi da Ummi tunda ban yaye ta ba. Daga Zariya zuwa Abuja na yi ta kiran gida ina tambaya ko an ba Abba maganin tarinsa, har direba ya ce, "Hajiya, in kika ƙara kira, yaron zai ɗauka mutuwa za ki yi." Ni dama abin da nake tunani ke nan.

Jirgi bai ba ni tsoro kamar banɗakin jirgi ba. Na danna wani abu, ya yi ƙara kamar zai zuƙe ni da zanina, na fito ina salati. Ummi kuwa kunne ya dame ta, ta yi ta ihu. Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena ta nuna mini da hannu in ba ta nono, na ba ta, ta yi shiru. Har muka sauka ba mu fahimci kalma ɗaya ta juna ba, amma da za mu rabu sai da ta kama ƙafar Ummi ta sumbata.

A babban filin jirgin da ake duba baƙi, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata, ya ƙi tashi. Aka ja ni gefe. Jami'in ya kira wani a waya mai jin Hausa, da alama mutumin Nijar ne, shi ya riƙa fassara mana. Aka buɗe jaka. Kuka ta wuce, kuɓewa busasshiya ta wuce. Daddawa ce jami'in ya shinshina, ya ja da baya, ya tambaya ko ta lalace ne, na ce haka take. Ita ma ta wuce. Kilishi ne bai tsira ba, don nama ba ya shiga ƙasarsu. Ina kallo aka jefa shi a kwandon shara, kilishin da Inna ta sa aka yi musamman ta ce in kai wa Bashir, tunda shi ne marar lafiya.

Bashir wan amarya ne, kuma taubashina, tunda ni 'yar mace ce shi ɗan namiji. Sau ɗaya aka taɓa kawo shi Zariya muna yara, kowa a cikinmu yana cewa ɗaya bawansa ne. Shi da Kawu suka tarye ni a Greensboro. Na san shi ɗan siriri, na tarar da shi ya kusa taɓa saman ƙofa.

"Dije ƙauye," ya ce. "Ka zo lafiya?"

"Ni mace ce, kin zo ake cewa. Duk tsawon nan babu Hausa a ciki?"

"Ina kilishina?"

"Karenku ya cinye."

Ya yi dariya ya ɗauki akwatina da hannun hagu. A mota muka yi rigimar farko. Wai ba zan rungume Ummi a cinya ba, sai an ɗaure ta a wata kujera ita kaɗai tana kallon baya. Na ce yarinyar da ba ta san kowa ba? Kawu ya ce, "Dije, in ɗan sanda ya gan ta a cinyarki, ni zai kama." Haka muka tafi tana kuka ina kuka, hannuna a kan cikinta.

Gidan Kawu yana wajen gari, ta Pleasant Garden. Fili ne babba, ciyawa ko'ina, babu katanga. Maƙwabci zai ɗago maka hannu daga cikin motarsa, ya yi murmushi har kunne, amma ba zai taɓa leƙowa ya ce ina kwana ba. Ba mai tafiya a ƙasa. Ranar da na goya Ummi na fita miƙe ƙafa a bakin titi, wata mata ta tsayar da mota ta tambaya ko lafiya. Gishiri in ya ƙare sai an tada mota. Wata rana Anti Rabi, matar Kawu, ta bi da ni ta Summerfield karɓo kayan biki, na ga dawakai a fili an sa musu riguna. Na tambaya ko na sarkin garin ne, ta ce na wata likitar haƙori ne.

Abinci kuwa, kazarsu ƙatuwa ce amma ba ta da ɗanɗano, sai ka yi ta zuba yaji kamar kana roƙonta. Shayi da ƙanƙara suke sha, sukari kamar a rake. Akwai wani farin fate na masara da suke ci da safe da man shanu, shi kaɗai ya zauna mini. Da na yi miyar kuka da daddawar da ta tsallake iyaka, Kawu ya cinye, ya miƙo kwano a ƙara.

To bari in zo kan Bashir, don shi ne ainihin abin da na gani a tafiyar nan. Mu a gida mun san dai yana buga ƙwallo, kowa ya ɗauka ta ƙafa ce. Ashe wani wasa ne, besbol. Aikinsa jifa. Zai tsaya a kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo mai tauri kamar goruba, wani yana can da kulki yana ƙoƙarin maka ta, in ya kasa Bashir ya ci. Abin da ake biyansa a kai ke nan. Na ce masa a unguwarmu yaron da ya iya jifa bulala yake samu. Ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi, bara aka ɗauke shi zuwa babbar, har ana nuna shi a talabijin. Bai daɗe ba wata jijiya ta tsinke masa a gwiwar hannun dama. Aka yi masa aiki, aka ciro wata jijiyar daga jikinsa aka ɗinka a wurin. Ya nuna mini tabon, ya lanƙwasa kamar lauje.

Lokacin da na je ya kusa shekara bai yi wasa ba. Ƙungiyarsa ta bar shi ya zo gida saboda biki, amma kullum sai ya je wani wurin motsa jiki a cikin gari. A can ake ƙayyade masa jifa, yau kaza, gobe hutu, ana ɗauka a waya ana tura wa masu kula da shi. Bayan biki da 'yan kwanaki za a yi masa babban gwaji, ya yi jifa da dukkan ƙarfinsa. In ya wuce, ya koma wasa bana. In bai wuce ba, sai yadda ta yiwu, kuma wurinsa ba zai zauna yana jiransa ba.

Akwai wani abokin Kawu, Malam Awudu, mutumin zangon Kumasi, yana tuƙa babbar mota. Duk zuwan da zai yi sai ya same ni a kicin ya ce, "Ƙanwata, yaya hannun yaronmu? Yana ɗaga kaya? Yana barci a kan gefen?" Na ce a raina wannan bawan Allah akwai zumunci. Rannan Anti Rabi ta ji shi, ta ce, "Malam Awudu, ka ji tsoron Allah. Yarinya baƙuwa ma sai ka mayar da ita 'yar leƙen asirinka?"

Ya yi dariya ya ciro waya. Wai akwai wani wasa da ake kira fantasi. Maza za su haɗu, kowa ya zaɓi 'yan wasa na gaske ya jera a wayarsa kamar ƙungiyarsa ce. In ɗan wasan ya yi ƙoƙari a fili, kai ma ka samu maki a waya. Ana musayar su, ana sakin wanda ya daina amfani a ɗauki wani. Shi Malam Awudu ya ɗauki Bashir tun ba wanda ya san shi.

"Kamar kiwo ne," in ji shi. "Ka kama ɗan rago tun yana ƙarami, ka jira."

"Shi ragon ya sani?"

"Ai duk sun sani. Duba nan."

Na ga hoton Bashir yana murmushi, da jar alama a gefen sunansa, da kibiya ta kalli ƙasa. A ƙarƙashi rubutu ne rututu. Malam Awudu ya riƙa fassara mini. Wani ya ce a riƙe shi, in ya dawo bana zai yi daraja. Wani ya ce a sake shi, masu irin aikin nan ba duka suke dawowa daidai ba. Wani ya ce akwai sabon yaro a ƙungiyar da ya fi shi ƙarfin jifa. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, ba su san yana tsame albasa daga miya ya tara a gefen kwano ba, suna juya shi kamar dabba a kara. Na tambaya ko Bashir yana karanta wannan. Anti Rabi ta ce, "Ya ce ba ya karantawa." Ni kuwa na sha ganinsa a kujera da waya, fuskarsa ba ta mai kallon abin dariya ba.

Ummi tana tashina da asuba, ba ta komawa. Ina jijjiga ta a bakin taga sai in ji tim, tim daga bayan gida. Bashir ne, ya kafa raga a bayan garejin yana jifa shi kaɗai, har a ranakun da aka ce na hutu ne. Duk jifan da ya yi da ƙarfi sai ya cije leɓensa na ƙasa, ya yarfe hannun. Da na fara lura sai na ga sauran. Cokali da dama yake ɗauka in Kawu yana wurin, in ya fita ya mayar hagu. In Ummi ta miƙa masa hannu, da hagu yake sungumarta. A sallah, in zai tashi daga sujada, hannu ɗaya yake dogarawa.

Na same shi a kicin na ce, "Bawana, hannun nan yana ciwo."

"Da sauƙi."

"Ban ce yaya jiki ba. Cewa na yi yana ciwo."

Ya buɗe firji ya daɗe yana kallon ciki. "Kowa yana jin haka bayan aiki. Ke likita ce?"

"Ni uwa ce. Abba ma in ya ji ciwo a wajen wasa ɓoyewa yake, don kar a hana shi fita."

"To ni ba Abba ba ne." Ya ɗauki ruwa ya fita.

Ranar ɗaurin aure aka cika. Mutanen Kano, na Jos, na Nijar, na Gana, wasu sun kwana suna tuƙi daga wasu jihohin. Kun san wan amarya shi ke tsayawa kusa da uba. Bashir ya sha babbar riga, ya tsaya a bakin ƙofar zauren bikin, ni ina hango shi daga ɓangaren mata. Kowane namiji da zai shiga sai ya miƙa hannu. Ba gaisuwar biki kaɗai ba, har da dubiya, don da yawa ba su gan shi ba tun da aka yi aikin. Su kama hannun da hannu biyu, su girgiza, su ƙi saki sai sun gama addu'a. Wani dattijo ya kama gwiwar hannun kanta ya matsa, yana tambaya ko nan ne wurin. Wani ya ja shi ya rungume. Duk da ƙauna suke yi. Shi kuma ba zai miƙa wa babba hagu ba, ba zai noƙe ba, Kawu yana gefensa yana cewa, "Gai da Alhaji, gai da Malam." Yana murmushi, leɓen nan yana cikin haƙora. Shinkafar bikin nan ban san ɗanɗanonta ba.

Da yamma, mata suna ta hotuna a falo, na zagaya gareji ɗauko lemo. Na same shi zaune a ƙasa, ya naɗe babbar riga, ya tura hannun har kafaɗa cikin kular ƙanƙara, tsakanin kwalabe.

Na ce, "Wannan ma da sauƙi ne?"

Bai ɗago ba. Ya fara da Hausa, ta ƙare masa, ya koma Turanci, ya dawo. Abin da na tsinta shi ne: in ya faɗa, za su dakatar da gwajin, bana ta wuce ke nan. Yana da shekarun da ba a jiran mutum. Yaron nan da ake magana a waya gaskiya ne, ya fi shi ƙarfi. Ya ce ya ƙara jifa ne don ya ga ana cewa ƙarfinsa ba zai dawo ba.

"In ka yi gwajin jijiyar ta sake tsinkewa fa?"

"Ba za ta tsinke ba."

"In ta tsinke?"

Ya ƙara tura hannun cikin ƙanƙara. Can ya ce, "Bayan aiki na biyu ba a cika dawowa ba." Ya ɗago ya dube ni. "Dije, kar ki gaya wa Baba. Ba wasa nake ba."

Tun muna yara bai taɓa yi mini magana ba da wasa ba sai ranar.

Na rasa inda zan sa kaina. Ni baƙuwa ce, Kawu ne ya kawo ni, biki aka gayyace ni ba bincike ba. Ban san jijiya ba, ban san besbol ba. Wataƙila da gaske kowa yana jin haka, in je in yi magana in jawo masa asarar shekara a banza, ya riƙe ni har abada. Na ɗauki waya zan kira Inna, na tuna ita ma ruɗewa za ta yi, na ajiye. Abin da ya tsaya mini shi ne, da Abba ne, wata ta gani ta yi shiru don kar a ce ta cika baki, ba zan yafe mata ba.

Da safe na je gai da Kawu, na durƙusa, na ƙi tashi. Ya ce, "Dije, lafiya?" Na faɗa masa duka, ragar bayan gareji, cokali, sujada, kular ƙanƙara. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Jiya ni na tsayar da shi a ƙofa," ya ce.

"Kawu, ba ka sani ba ne."

"Ina gefensa."

Ya tashi ya hau sama. Ban ji faɗa ba, ban ji ɗaga murya ba. Da suka sauko Bashir ya wuce ni kamar kujera. A gaban Kawu ya kira mutanen ƙungiyarsa. Washegari aka ɗauki hoton hannun. Jijiyar ba ta tsinke ba, amma wurin ya kumbura, naman da ke riƙe da ita ya wahala. Likita ya ce ƙarin jifan ne ya jawo, gaisuwar ta daɗa tsokano shi. Kawu ya tambaye shi da an yi gwajin me zai faru, ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma da ɗansa ne ba zai bari ba. Aka soke gwajin, aka hana shi taɓa ƙwallo. Bana babu wasa.

Kafin la'asar labari ya shiga waya. Ban san ta inda suke ji ba. Da magariba sai ga Malam Awudu da kula cike da shinkafa da wake irin nasu na Gana, da baƙin yaji. Ya zauna a falo yana ta murza hula. Bashir yana kwance a doguwar kujera.

"Malam Awudu, ka sake ni?"

"Wa ya gaya maka?"

"Fuskarka."

"Wallahi yarona, ina da wasa da surukina makon nan, kuma ba ni da mai jifa. In ya ci ni, a gidana zai zo ya yi dariya." Ya tura kular gabansa. "Amma da ka warke ni zan fara ɗaukarka. Ba mai riga ni."

"Nawa nake yanzu?"

"Kyauta ma ba mai so."

Anti Rabi ta ce, "Ka ji mutumin banza." Bashir ya yi dariya har ya dafe ciki, ya tashi ya ci abincin, da hagu, a gaban Kawu. Ranar Juma'a Kawu ya tashi bayan sallah ya roƙi jama'a duk mai son gai da Bashir ya dafa ƙirji daga nesa. An ce wani tsoho ya ce shi bai taɓa jin ciwon da musabaha ke ƙarawa ba, amma ya bi.

Ni dai Bashir bai ƙara yi mini magana ba. Ba Dije ƙauye, ba komai. In na shigo ya fita. Zai yi wasa da Ummi, ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba. Wannan ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Ranar da zan taho na ɗauka ba zai raka ni ba, sai na same shi a mota, a baya kusa da kujerar Ummi. Muka isa filin jirgi. Da za mu shiga layi na ce, "Bashir, ka yafe ni."

Ya daɗe yana gyara wa Ummi takalmi. "Ban sani ba tukuna," ya ce. "In na sani zan gaya miki."

Da wannan na hau jirgi, da shi na sauka Abuja. Duk wadda ta tambaye ni ko zai koma wasa, amsata ke nan, ban sani ba, shi ma bai sani ba. Ƙungiyar ba ta sallame shi ba, ba ta kuma yi masa alkawari ba.

Makon jiya ina tankaɗe sai waya ta yi ƙara. Bidiyo ne daga lambarsa, na farko tun dawowata. Wurin motsa jikin ne, wani mutum yana tsaye kusa da shi yana ƙirgawa, shi kuma yana jefa ƙwallo a hankali, nesan bai fi daga ɗakina zuwa bakin zaure ba. A ƙarƙashi ya saka murya: "Dije ƙauye. Na san ba ƙwallon kake kallo ba. Duba bakina da kyau."

Na goge hannu a zani na duba. Na mayar farko na sake dubawa, har Ummi ta zo ta fizge wayar. Bai cije leɓe ba.